Minti Arba'in da Bakwai a Tafkin Lomsen

Hagfors, 12 ga Oktoba

Abokina Birger,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Uwargidanka Gunnel ta tsare ni a kanti ranar Talata, tsakanin madara da dankali. Ta ce matar da ke koya maka motsa jiki a gidan jinya tana so ka riƙa rubutu da hagu tunda hannun dama ya ƙi tashi, kai kuma ka ture takardar kalmomin da suke ba ka ƙarƙashin gado. Ta ce tunda waya ba ta yi mana amfani sai bakinka ya warware, in rubuto maka, ko ka samu dalilin ɗaukar biro. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina soja, don haka ka yi haƙuri da abin da ka gani.

Na san sau ɗaya kawai na zo Karlstad tun da abin nan ya same ka a watan Afrilu. Motar ce take ba ni wahala, ga gwiwa. Zan zo.

Ranar Asabar na je Lomsen. Sanyi ya sauka sosai, ciyawar bakin ruwa duk ta yi fari da raɓa mai daskarewa. Na hura jirgina na roba a gefen mota, na ɗaure kujera tsakanin buhunan iskan biyu, na ja shi zuwa gadar katako. Ka san halinsa: ka hura shi ya yi tauri a ƙasa, da ya taɓa ruwan sanyi sai ya saki jiki kamar tsohon tumbi, sai ka sake jawo shi ka ƙara masa iska. Na sa safar ulu biyu cikin wandon roba, duk da haka kafin awa ɗaya ban san inda yatsun ƙafata suke ba.

Kifin ya yi ƙasa. Na fara da zare mai yawo a sama, aikin banza. Na canza zuwa mai nitsewa, na ɗaura baƙin ƙudan nan da ka haɗa a kan ƙugiya, mai jelar gashin zomo, wanda ka ce min kada in taɓa kwaikwayo don hannuna hannun maƙeri ne. Na ƙirga ashirin kafin in fara ja, a hankali, kamar mai jan zaren riga. A bayan tsibiri na samu kifin tirawut biyu, duk irin da ake kira bakan-gizo, waɗanda ƙungiyarmu ta masu kamun kifi ta zuba bara. Ɗaya na saki, ɗaya na soya da man shanu.

Babu kowa a tafkin sai ni. Can cikin daji mafarauta suna ta harbi, karnukansu na haushi. Na sha kofi a tsakiyar ruwa, na ci burodin kirfa biyu, har da rabonka.

Ka gaida masu jinyarka. Kada ka jefe su da cokali.

Naka,
Alvar

Karlstad, 20 ga Oktoba

Alvar,

Gaisuwa. Kwana uku na yi ina rubuta wannan. Kada ka yi dariyar haruffan. Naka ma ba su fi su ba, kuma kai da dama ka yi.

Abinci a nan ba gishiri. Maƙwabcin ɗakina yana kallon wasan ƙwallo da ƙara har bango na rawa. Ina taka taku tara da sanda. Makon jiya bakwai ne.

Ƙirga ashirin ya yi kaɗan a bayan tsibiri a Oktoba. Talatin.

Iska daga ina take busowa? Ba ka faɗa ba.

Gadar katako tana nan lafiya?

Ka sake rubutowa. Na gaishe ka.

Birger

Hagfors, 27 ga Oktoba

Mutumina Birger,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Taku tara ba wasa ba ne. In ka ci gaba a haka, kafin Kirsimeti za ka riƙa bin masu jinya da gudu kana yi musu gyara a aikinsu, kamar yadda ka yi wa yaran makaranta shekara talatin a ɗakin sassaƙa.

Iska daga yamma take, ba ƙarfi. Gada tana nan. Katako ɗaya ya saki a ƙarshenta, na uku daga baki, zan kai ƙusa in buga shi in na tuna.

Na koma ranar Laraba. Na bi maganarka na ƙirga talatin, kuma ba na jin daɗin faɗa maka cewa ka yi gaskiya. Uku na kama. Na ƙarshen ya ɗauki ƙudan ne daidai lokacin da na saki sandar kamun kifin ina neman murfin filas, ya kusa tafiya da ita. Na riƙe ta da gwiwa, kofi ya zube min a cinya, jirgin ya juya ya ba kifin baya. Da kana nan da ka samu abin ba da labari a taron ƙungiya har shekara biyar.

Ƙanƙara ta fara kama zoben sanda da safe. Sai ka tsoma ta cikin ruwa ka girgiza kafin zare ya wuce. Agwagin nan masu baƙin wuya sun tafi kudu, tafkin ya yi shiru. Ina ganin saura mako uku ko huɗu ruwan ya rufe.

'Yata Lena ta bugo daga Göteborg tana yi min faɗa, wai mutum mai shekara saba'in da ɗaya ba ya zama shi kaɗai a kan balan-balan biyu a tsakiyar ruwa mai sanyin da zai kashe shi cikin minti goma. Na ce mata ina sa rigar ceto. Ta ce rigar ceto amfaninta a samu gawar da wuri. Halin uwarta ta ɗauko kaf.

Zan yi ƙoƙari in zo a watan gobe. Ka ci abincinsu ko ba gishiri.

Naka kullum,
Alvar

Hagfors, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Alvar,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Gidanka da namu tafiyar minti goma ce, amma na zaɓi in rubuto, domin in na tsaya a gabanka ba zan faɗi abin yadda nake so ba.

Birger yana ba ni wasiƙunka in karanta masa da ƙarfi, ko da ya riga ya karanta su da kansa. Na karanta masa maganar katakon da ya saki. Ya yi wani sauti da na ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Alvar, an cire gadar nan tun watan Agusta. Ta ruɓe. Rune, sakataren ƙungiyarku, shi ya zo da kansa ya gaya wa Birger, har da hotuna a wayarsa. Mijina ya san haka lokacin da ya tambaye ka.

Ranar Litinin na karɓi makulli wurin Rune na je rumfar ƙungiya in kwaso kayan Birger kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Jirginsa yana nan a naɗe, na bar shi a wurin. Naka ma yana nan kusa da shi, a naɗe, da busasshen taɓon watan Afrilu a jikinsa. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin filafilanka. Ban gaya wa Birger wannan ba, ba ya bukata.

Ƙaryar kifi ba ta dame ni ba. Shekara arba'in ina jin irinta a teburin cin abincina daga bakinku ku biyu. Abin da ya sa na rubuto daban ne.

Ranar da abin ya faru, ka ce min a asibiti kana ganin ya sunkuya ka nufe shi nan take, ka kira motar asibiti. Haka na riƙe. A cikin takardun da aka ba ni watan jiya don neman a gyara mana banɗaki da matakala, an rubuta cewa kiranka ya shiga ƙarfe sha ɗaya da minti hamsin da biyu. A wayata kuma akwai saƙon murya daga Birger, na ƙarfe sha ɗaya da minti biyar. Minti biyu ne tsawonsa. Babu kalma ko ɗaya da za a gane a ciki. Ƙarar ruwa ce, da filafili yana bugun roba, da muryarsa yana ƙoƙarin kiran wani suna. Ba nawa ba ne. Na saurara sau da yawa kafin in yarda da hakan.

Tsakanin saƙon nan da kiranka akwai minti arba'in da bakwai. Na tsaya a bakin Lomsen ranar Litinin na duba. Tafkin ba shi da girman da mutum zai ɓace wa ɗan'uwansa.

Ba na zarginka da komai tukuna. Tambaya nake yi: ina kake?

Ka huta lafiya.

Gunnel

Hagfors, 6 ga Nuwamba

Gunnel,

Na gaishe ki. Na samu wasiƙarki. Zan faɗa miki yadda aka yi bi da bi, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Kwana huɗu ke nan da narkewar ƙanƙara a ranar. Mun shiga ruwa wajen ƙarfe tara. Birger ya tafi bakin duwatsu ta gabas, ni na tsaya a bayan tsibiri, inda ruwa ya fi zurfi. Tsakaninmu bai fi mita ɗari uku ba, kuma babu abin da ya tare min shi. Har ƙarfe sha ɗaya ba wanda ya samu ko taɓi.

Na waiwaya na ga jirginsa yana juyawa a wuri ɗaya. Yanzu na san dalili: hannu ɗaya ne ke tuƙi. A lokacin na ɗauka kifi ne ke jan sa. Na ɗaga murya na ce, “Riƙe shi da kyau, tsoho, kada ya kai ka Norway!” Bai amsa ba. Birger ba ya amsawa in yana fama da kifi, don haka ban sa komai a raina ba. Na sake jefa zarena. Wannan waiwayen na farko ba ya hana ni sukuni, kowa zai iya yin kuskuren.

Zaren bai gama nitsewa ba wani abu ya ɗauke shi. Shekara hamsin ina wannan abu, ban taɓa jin nauyi irin wannan a sanda ba. Ba irin waɗanda muke zubawa ba ne, ɗan asalin tafkin ne, irin wanda Birger ya daɗe yana cewa akwai, ni ina ce masa mafarki yake. Ya ja zare har kwarkwaro ya kusa ƙarewa, ya ja jirgin da ni a kai.

Ina cikin haka na sake waiwayawa. Jirgin Birger ya daina juyawa. Sandarsa tana kwance rabi a ruwa. Hularsa ta faɗi, kansa ya karkata a kafaɗa. Gunnel, na gani sarai. Na ce wa kaina zarensa ne ya harɗe a ƙafa yake kwancewa. Na ce minti biyu kawai in gama da wannan. Ban yarda da maganar zaren ba ko a lokacin da nake faɗa wa kaina ita. Wuƙa tana rataye a ƙirjina, yanke zaren ba zai ɗauki daƙiƙa ɗaya ba.

Minti ashirin da biyar kifin ya ɗauka, ko fiye. Ban sake waiwayawa ba, da gangan. Na sa shi a koma, na cire ƙugiya. Sannan na ciro ma'auni daga aljihu na auna shi. Na duba lambar sau biyu. Na mayar da shi ruwa, na riƙe shi har ya farfaɗo ya tafi. Sai bayan haka na kama filafili. Iska tana gaba da ni, na yi minti goma ko sha biyu kafin in isa.

Idonsa a buɗe yake. Gefen bakinsa ya zube, hannun dama yana lilo cikin ruwa, wayarsa tana kan cinyarsa. Na kira motar asibiti, na ɗaura jirginsa a nawa na ja shi zuwa gada. Da ma'aikatan suka tambaye ni yaushe ya fara, na ce yanzun nan. Ke ma haka na ce miki.

Washegari na koma na naɗe jiragen biyu na sa a rumfa. Ban sake taka bakin ruwan ba. Sau ɗaya da na je Karlstad ya kafe ni da ido tun shigata har fitata, ban iya komawa ba. Motata lafiyarta ƙalau.

Da kika ce in rubuta masa, na zauna da takarda na rasa abin da ni da shi muke magana a kai in ba kifi ba. Sai na ɗauko ranakun da suka wuce na sa musu kwanan wata na bana. Labarin kofi da ya zube a cinya ya faru, amma shekara shida ke nan, kuma yana wurin.

Ban taɓa gaya wa kowa labarin kifin nan ba. Ke ce ta farko. Abin da za ki yi da wannan takarda ya rage naki.

Na bar ki lafiya.

Alvar

Hagfors, 11 ga Nuwamba

Alvar,

Gaisuwa. Na karanta. Na ajiye ta kwana biyu a cikin durowa ƙarƙashin tawul, sannan na sake karantawa.

Ranar Juma'a na tambayi likitansa ko minti arba'in da wani abu za su canza yadda ya fito. Ban ce mata don me ba. Ta ce ba wanda zai iya sani: wataƙila da hannun ya tsira, wataƙila maganar, wataƙila ba abin da zai bambanta. Na so ta ce min ɗaya daga ciki, ta ƙi.

Akwai abin da ban rubuta maka ba wancan karon. Ranar nan Birger ya yi min alkawarin kai ni Torsby wurin ƙanwata, sai ya leƙa taga ya ga ba iska sosai, ya ce Torsby ba inda za ta je. Mun yi cacar baki, ya fita bai sha kofinsa ba. Da wayata ta yi ƙara ƙarfe sha ɗaya da minti biyar ina zaune a kicin, tana gabana. Na ga sunansa, na kife ta a kan tebur. Sai ƙarfe biyu na saurari saƙon, a barandar asibiti.

Ba ina nufin mun zama ɗaya ba ne. Ni ban gan shi ba, kai ka gan shi. Amma ba zan riƙe takardarka a hannu ina yi maka kallon alƙali ba alhali tawa tana aljihu.

Na gaya masa nawa ranar Lahadi. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya nuna min filas, na zuba masa. Da zan tafi ya riƙe hannun rigata kaɗan. Iyakar abin da aka yi ke nan.

Naka ba ni zan kai masa ba. Ranar sha biyar ga Disamba za a sallamo shi. Kada ka zo gidan nan kafin ka gaya masa da kanka.

Allah ya ba mu lafiya.

Gunnel

Hagfors, 19 ga Nuwamba

Birger,

Bayan gaisuwa. Jiya na je Lomsen. Wannan karon na je.

Na tarar da Rune a rumfa yana kwashe ragar ƙungiya. Ya dube ni ya ce, “Alvar ne, ko fatalwarsa? Mun kusa sayar da jirginka mu sayi kofi.” Na ce masa fatalwar ce, ya taya ta ɗauko famfo. Ya ce ruwan ya fara kamawa a gefe, mai hankali ba ya shiga yau. Na ce na sani. Ya ce to shi zai zauna a mota har in fito, ba don ni ba, don ba ya son cika takardun 'yan sanda.

Buhun hagu ya tsage kaɗan a inda aka naɗe shi, na yi masa faci na jira ya kama. Babu gada, turaku huɗu ne kawai suka rage a tsaye. Na shiga ta cikin taɓo, na fasa ƙanƙarar gefe da filafili, kaurinta kamar gilashin taga. Iska daga arewa, kaɗan. Na manta safa ta biyu.

Awa biyu na yi a bayan tsibiri. Na ƙirga talatin, na ƙirga arba'in. Sau ɗaya wani abu ya taɓa ƙudan ya saki, wataƙila ma ciyawa ce. Ban kama komai ba. Yatsuna sun ƙi ɗaura ƙulli, sai da na sa su a hammata.

Daga nan na tuƙa zuwa bakin duwatsu, inda kake a ranar. Na duba agogo: minti shida. Na juya jirgin na fuskanci tsibiri. Akwai wani reshe da ya fito daga ruwa daidai inda nake tsayawa, kaurinsa bai kai sanda biyu ba, kuma ina ganin sa har da tsuntsun da ke kansa. Na zauna a nan har Rune ya fara danna hon.

Wasiƙu biyu da na aiko maka ƙarya ce, ka riga ka sani. Ga wadda ba na jin an gaya maka. Ranar da jikinka ya shanye na gan ka sau biyu. Na farko na ɗauka kifi kake ja. Na biyu na ga sandarka a ruwa da kanka a karkace, na san ba lafiya ba. Akwai babban kifi a zarena, ɗan asalin tafkin, ban yanke ba. Na gama da shi, na auna shi, na sake shi, sannan na zo. Minti arba'in da bakwai daga lokacin da ka kira Gunnel zuwa lokacin da na kira motar asibiti. Na ce wa kowa nan take na iso.

Na nemi dalilin da zan rubuta a nan wanda zai sa abin ya yi kama da kuskure, ban samu ba. Ina so in ga kifin ne. Na yi zaton kai za ka jira, don kullum kana nan.

Ban rubuto don ka ce min komai ba. In ba ka amsa ba na gane. Jirginka na wanke shi, na shanya, na shafa masa hoda na naɗe yadda kake naɗewa. Yana gidan Rune, ba ya wurina.

Yau da safe Rune ya bugo ya ce tafkin ya rufe daga baki zuwa baki.

Ina gaishe ka.

Alvar

Karlstad, 28 ga Nuwamba

Alvar,

Gaisuwa. Na karanta da kaina. Ban ba Gunnel ba.

Fuskata wajenka take a ranar. Idona bai shanye ba. Na ga sandarka ta lanƙwashe. Na ga ka waiwayo. Na ga ka juya.

Wata bakwai ina jira ka faɗa.

Na tambayi kaina da ni ne a bayan tsibiri me zan yi. Amsar da na samu ba ta yi min daɗi ba. Wannan bai wanke ka ba.

Ban yafe ba. Ban sani ba ko zan yafe. Kada ka zo ranar sha biyar, mutane za su yi yawa. Ka zo sha bakwai, ƙarfe goma na safe.

Ka ce ka auna shi. Ba ka rubuta ko nawa ne ba.

Hannuna guda na biya a kansa. Ina da haƙƙin in sani.

Sai ka zo.

Birger